Digiri Ba Tare da Barin Gona Ba

Wanda ya bi hanyar Katsina daga Dawanau zuwa Bichi da damina, ko ya ɗauki hanyar Daura ya nufi Ɗambatta, zai yi ta baza ido bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona: gero, dawa, gyaɗa, wake, ga ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaitsaye tsakaninsu. Kafin wannan ƙauye ya ɓace a baya, wancan ya bayyana a gaba. Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun a shekarun 1960, ya nuna cewa ƙasar nan ba a barin ta ta huta. Shekara da shekaru ana noma ta, kuma abin da ya riƙe ta shi ne taki da hannun mutane. A kai taki da bazara, a yi shuka da ruwan fari, a yi firi, a yi maimai, a yi girbi, a tara kara da harawa saboda dabbobi, dabbobin su sake ba da taki.

Ƙasa irin wannan ba ta jure doguwar tafiyar masu ita. Magidancin da ya ce zai tafi Zariya ko Sakkwato ya yi shekara huɗu yana karatu, tambayoyi ne za su tare shi tun a zaure. Wa zai riƙe gandu? Wa zai ci da iyali? Idan malamin makaranta ne, wa zai shiga ajinsa? Idan kuwa mace ce mai aure da goyo, sau da yawa maganar ba ta ma isa zauren. Mutane masu yawa a Bagwai da Tsanyawa da Makoɗa sun haƙura da digiri, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, sai don babu wanda za su bar wa gida.

Karatun jami'a ta intanet ya zo ne daidai kan wannan matsala. Amfaninsa na farko a karkarar arewacin Kano, wanda ya fi sauran duka nauyi, shi ne mutum ya yi digiri yana kwana a ɗakinsa.

Babbar ƙofar wannan karatu a Nijeriya ita ce Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN. Gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ta yi kusan shekara 18 a rufe, sannan Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Kanawa suna da rabo a tarihinta. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, masanin nan na ilimin kimiyya da na fina-finai da adabin Hausa, shi ne ya shugabance ta, kuma a zamaninsa hedikwatarta ta tashi daga Legas ta koma Jabi a Abuja. Yau tana da cibiyoyin karatu fiye da 100 a faɗin ƙasar, har da na cikin gidajen gyaran hali, inda ɗaurarru ke karatu kyauta.

A da, ɗalibin NOUN daga Shanono ko Gabasawa sai ya shigo birni, cibiyar Sauna da ke wajen Dakata. A 'yan shekarun nan, da ƙoƙarin Sanata Barau Jibrin, an samar da cibiyoyi a ƙananan hukumomi 13 na Kano ta Arewa: Bagwai, Bichi, Ɗambatta, Dawakin Tofa, Gabasawa, Gwarzo, Kabo, Kunchi, Makoɗa, Rimin Gado, Shanono, Tofa da Tsanyawa. Abin mamaki, har yanzu akwai masu wucewa ta gaban allon cibiyar a kan babur kullum, ba su san cewa jami'a ce ta gwamnatin tarayya ba.

Yadda karatun yake ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Mai son digirin farko yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci da Lissafi, kuma ba sai ya zauna jarrabawar JAMB kafin a ɗauke shi ba. Mai NCE ko difloma yana iya farawa daga aji biyu. Ana cike fom a intanet, a je cibiya a tantance takardu, a zuba kuɗi a asusun ɗalibi ta Remita, sannan ya zaɓi kwasa-kwasan da zai ɗauka a zangon. Littafin kowane kwas yana shafin jami'ar, ana sauke shi kyauta a waya, ko a kai shagon kwamfuta a buga shi a takarda. Malamai suna yin darasi kai tsaye ta bidiyo. A cikin zango ɗalibi zai amsa gwaje-gwajen da ake kira TMA a wayarsa, su ne ke ɗauke da maki 30 cikin 100. Sauran 70 ɗin na jarrabawar ƙarshen zango ne, ita kuwa dole a je cibiya da ƙafa: 'yan aji ɗaya da aji biyu a kan kwamfuta, daga aji uku zuwa sama da biro da takarda, ga masu sa ido a tsaye.

Wannan jarrabawa ta ido da ido ita ce amsa ga masu cewa karatun waya wasa ne. Wanda bai buɗe littafi ba, a ɗakin jarrabawa asirinsa ke tonuwa.

Babu wanda tsarin nan ya dace da shi kamar malamin firamare. A duba rayuwarsa. Ya yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi ko wata kwaleji a birni, an ɗauke shi aiki a mataki na 7, alhali mai digiri daga mataki na 8 yake farawa, kuma akwai matakin da shi ba zai taɓa wucewa ba sai ya ƙaro karatu. Shekaru suna tafiya, yaran da ya koyar suna dawowa da digiri suna zama shugabanninsa. Neman izinin tafiya karatu da albashi abu ne mai wuya, idan kuma an ba shi, makarantar da dama malamanta ba su kai yawan azuzuwanta ba ta sake rasa mutum ɗaya. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma ƙarancin ƙwararrun malamai yana cikin abin da ya kai ta ga haka.

Ga yadda ranar irin wannan malami take idan ya shiga karatu daga gida. Da safe yana aji. Da ya tashi, ya biya ta rumfar mai caji a bakin kasuwa, inda wayoyi ke jere a kan katako kowace da lambarta, ya karɓi tasa. Bayan la'asar ya leƙa gona. Bayan isha'i, gida ya yi tsit, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a soro, ya kunna 'yar fitilar sola, ya ɗauko littafin da ya buga a shago, wanda aka ɗinke masa da zare, yana karantawa yana ja da jan biro. Idan sabis ya yi kyau, ya buɗe TMA ya amsa tambayoyi goma kafin barci ya ɗauke shi. Abin da ya karanta daren Talata a kan yadda yaro ke koyon karatu, ranar Laraba zai gwada shi a kan 'yan aji biyu. Ɗalibin da ke zaune a jami'a sai ya jira zangon koyon aikin koyarwa kafin ya sami wannan dama. Shi kuwa kullum a cikinta yake. Ajinsa bai rasa malami ba, albashinsa bai tsaya ba, gonarsa ba ta zama saura ba.

Malamai ba baƙi ba ne a wannan hanya. Tun 1976 Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, take horar da malamai daga nesa da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako, kuma dattawa da yawa a ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi ta nan suka sami NCE. Waya ta zo ne ta rage zirga-zirga, ta kuma ɗaga abin zuwa digiri.

Sai mata, kuma a nan ne maganar ta fi taɓa zuciya. A ƙauyukan nan yarinya takan gama sakandare da sakamako mai kyau, a yi mata aure, takardar ta shige ƙasan akwati. Mazaje da yawa ba karatun suke ƙi ba. Abin da suke ƙi shi ne matar ta tafi wani gari ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ta riƙa shiga motar haya kullum zuwa birni. Idan aka ce wa miji karatun a ɗakinta za ta yi, fita sai ranar jarrabawa, cibiyar kuma ga ta nan a hedikwatar ƙaramar hukuma, mafi yawan hujjarsa ta faɗi. Wanda ya ga baƙon abu a nan, ya tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis, dattawan mata masu malfa, suna ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka har gida. Kai wa mace ilimi inda take tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa.

Kuma buƙatar a bayyane take. Asibitocin karkara suna neman mata ma'aikata, domin mace ta fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta a ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Makarantun 'yan mata suna neman malamai mata. Ma'aikaciyar jinya mai rajista tana iya yin digirin jinya a NOUN ko a Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana ci gaba da aikinta a asibitin Bichi ko na Ɗambatta. Da za ta tafi karatu na zama, asibitin ne zai yi asarar ta shekaru, kuma ba lalle ta dawo ba. Wannan shi ne abin da ba a cika lissafawa ba: wanda ya tafi birni karatu yakan saba da birni, ya yi aure a can, ya sami aiki a can, ƙauye ya riƙa ganin sa da salla. Wanda ya yi karatu a gida, iliminsa a gida yake zama.

'Yan kasuwa ma suna da rabonsu. Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma riɗi da zoɓo da ake tarawa a can har ƙetare suke zuwa. Saurayin da ke tsaron shagon ubangidansa ya san farashi, ya san awo, ya san mutane. Abin da yakan rasa shi ne iya rubuta lissafi yadda banki zai karɓa, da karanta takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu. Digirin harkokin kasuwanci ko na akanta yana cike masa wannan gurbi ba tare da ya rufe shago ba. Akwai kuma digirin aikin gona ga mai noman rani a Watari, da na Larabci, da na addinin Musulunci, da na Hausa.

Batun kuɗi kuwa, kada a ruɗi kowa, karatun ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin rajista, da kuɗin kowane kwas, da kuɗin kowace jarrabawa. Sauƙin yana wurin abin da ba a biya ba: hayar ɗaki a kusa da jami'a, abincin saye sau uku, da kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sannan ɗalibi ne ke auna nauyin da zai ɗauka. Zangon da ya faɗo cikin tsakiyar damina, aljihu ya bushe, aiki ya yi yawa, sai ya rage kwasa-kwasai. Kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da wake, sai ya ƙara. Digirin shekara huɗu yana iya kai shi shida ko fiye. Ga manomi, wannan tamkar adashi ne: zubi kaɗan-kaɗan gwargwadon hali, ranar kwasa tana nan tafe.

Akwai kuma yajin aiki. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi kusan wata tara tana yaji. A 2022 ta sake yin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗaliban Bayero da na Zariya suka dawo gida suka zauna, wasu suka kama acaba, wasu aka yi musu aure. NOUN ba ta rufe ba. Ga kuma cunkoson neman gurbi: kusan mutum miliyan biyu ke zaunawa jarrabawar JAMB a shekara, dubban ɗaruruwa daga cikinsu ba sa samun shiga ko'ina. Jami'ar da ba ta dogara da yawan kujerun aji ba tana iya ɗaukar wanda ya cancanta ko da ya haura shekara arba'in.

Tambayar da ake yawan yi a majalisa ita ce, "To, kwalin nan ana karɓar sa kuwa?" Ana karɓa. NOUN jami'ar gwamnatin tarayya ce, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke tantance kwasa-kwasanta kamar na kowace jami'a. Obasanjo da ya farfaɗo da ita, bayan ya sauka daga mulki ya koma cikinta ɗalibi, ya kammala digirin digirgir a ilimin addinin Kirista a ƙarshen 2017 yana da shekara 80. A Disambar 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran dokar jami'ar, wanda ya daidaita matsayinta da na sauran jami'o'i. Kafin intanet ma, manya sun bi irin wannan hanya ta gidan waya: Obafemi Awolowo ya sami digirin kasuwanci na Jami'ar Landan yana zaune a Nijeriya, Nelson Mandela kuma ya kammala digirin shari'a na Jami'ar Afirka ta Kudu yana tsare.

Amma akwai wurare biyu da ya kamata matashi ya buɗe ido. An daɗe ana takaddama a kan digirin shari'a na NOUN, har aka dakatar da ɗaukar ɗalibai a fannin, domin hukumar horar da lauyoyi ta yi shekaru ba ta karɓar su. Haka nan an yi shekaru waɗanda suka gama NOUN ba sa tafiya hidimar ƙasa, takardar keɓewa ake ba su. Ga malami ko ma'aikacin da ya riga ya kama aiki, wannan ba damuwa ba ce. Ɗan shekara 18 da ke mafarkin sa kakin hidimar ƙasa kuwa, ya tambayi cibiya halin da ake ciki kafin ya biya ko kwabo.

NOUN ba ita kaɗai ba ce. Ban da cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta yi suna da digiri na biyu a harkokin kasuwanci, Jami'ar Maiduguri ma tana da tata. A 2023 NUC ta ba da lasisi ga jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu, cikinsu akwai Miva da Al-Muhibbah a Abuja da Iconic a Sakkwato. Kuɗinsu ya bambanta, tsarinsu ma haka.

Inda kasuwa ta buɗe, 'yan damfara ba sa nisa. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami kwalin digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ba, bai rubuta jarrabawa ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano fiye da mutum 22,000 masu takardun bogi daga ƙasashen biyu. Wasu sun rasa aikinsu. Duk tallan da ya zo ta WhatsApp ko Facebook yana alƙawarin digiri cikin wata shida ba jarrabawa, sayar da takarda ne, kuma mai saye ne zai kwana a ciki.

Wahalhalun gaskiya na karatun nan a karkara sanannu ne. Wutar lantarki ba ta zuwa ƙauyuka da yawa, inda take zuwa ma ba ta zama. Sabis a wani ƙauyen sai an fita bayan gari an hau tudu. Kuɗin data ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Littattafan da Turanci suke, wanda ya daɗe rabonsa da karatu zai sha wuya a zangon farko. Fannonin da ke buƙatar ɗakin gwaji ko aikin hannu dole sai an je inda kayan suke. Mafi girma duka shi ne kaɗaici. Babu ƙararrawa, babu malamin da zai leƙo ya ga wa ya zo, kuma mutumin da ya wuni a gona ko a aji, barci ne ke fara kiran sa kafin littafi. Masu farawa su watsar suna da yawa.

Waɗanda ke kaiwa ƙarshe galibi suna da dabara iri ɗaya. Suna sauke littattafai da bidiyo ranar kasuwa, lokacin da suka shigo gari mai sabis, su karanta a gida ba tare da data ba. Suna haɗa kansu uku ko huɗu, su riƙa zama a wani aji na firamare ranar Asabar, wanda ya gane ya yi wa sauran bayani, kamar dai yadda ɗaliban zaure ke yin muraja'a bayan malam ya tashi. Suna kuma shaida wa iyalinsu tun farko cewa sa'a biyu bayan isha'i ta karatu ce.

A nan ne hukuma ke da aiki. Allon suna ba ya koyar da kowa. Cibiya tana amfani ne idan tana da sola, da kwamfutocin da ke aiki, da intanet, da ma'aikacin da zai zauna da matar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya nuna mata kafin ranar jarrabawa. Kuɗin wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, bai ma fi ƙarfin attajiran Dawanau da ƙungiyoyin ci gaban gari ba. Ƙaramar hukumar da ta ɗauki nauyin rajistar malamanta da ma'aikatan lafiyarta mata ashirin a shekara, cikin shekara biyar za ta ga bambanci a azuzuwanta da asibitocinta, kuma ba ta rasa ko ɗaya daga bakin aiki ba.

Mai sha'awa kuwa, ya ciro sakamakonsa na sakandare ko takardar NCE daga akwati, ya duba sunan jami'ar da yake so a jerin da NUC ta amince da su, sannan ya je cibiyar ƙaramar hukumarsa da kansa ya yi tambaya a kan kwas da kuɗi da wurin jarrabawa. Kada ya ba wani ɗan tsakani kuɗinsa, domin fom da biyan kuɗi duk a shafin jami'ar ake yin su.